Jadawali Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Kasuwa: Raddi Ga Masu Ƙin Tsefe Rumbun Bayanai

Wani ra'ayi ya yi ƙarfi tsakanin matasanmu masu rubuta manhajar ciniki ga shagunan Kantin Kwari, Singa da kasuwar Sabon Gari. Suna cewa tsefe rumbun bayanai, wato rarraba shi cikin jadawali da yawa ta yadda kowace magana za ta zauna a wuri ɗaya kacal, karatun aji ne, ba na kasuwa ba. Wai a zuba komai a jadawali guda mai faɗi irin na Excel, a karɓi kuɗin aiki. Ƴan'uwana ne a sana'a, kuma ina ganin girman ƙoƙarinsu. Amma zan bi hujjojinsu guda biyar ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: wai shago ƙarami ne, jadawali ɗaya ya ishe shi.

Amsa: mu ɗauki mai sayar da atamfa da shadda a Kwari, wanda yake da abokin ciniki daga Maraɗi da ke ɗaukar kaya bashi. Ya yi sari sau arba'in, don haka sunansa da lambar wayarsa suna cikin layi arba'in. Ran da ya sauya layin waya, yaron shago ya gyara wasu, ya manta wasu. Yanzu wace lamba ce ta gaskiya? Ga kuma sunan: wani layi Muhammad, wani Muhammadu, wani Mohammed. Kwamfuta za ta ɗauke su mutum uku, bashin ya rabu uku, maigida ya nemi kaso ɗaya ya bar biyu. Wannan shi ne saɓanin gyara. Akwai ƙannensa biyu. Sabuwar dila ta sauka a sito, amma babu inda za a rubuta ta sai an sayar da turmin farko, tunda kowane layi ciniki ne. Haka kuma in aka goge cinikin da aka fasa, alhali shi kaɗai ne ke ɗauke da bayanin wani dila, to bayanin ya tafi da shi. Waɗannan cututtuka uku ba ruwansu da girman shago.

Hujja ta biyu: wai an ƙirƙiro tsefewa ne lokacin da ma'ajiyar kwamfuta ke da tsada, yanzu kuwa ta yi araha.

Amsa: wannan rashin sanin tarihin abin ne. Edgar Codd, masanin lissafi haifaffen Ingila da ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya fitar da tsarin jadawali masu alaƙa a 1970, ya bayyana mataki na biyu da na uku na tsefewa a 1971, sannan shi da Raymond Boyce suka ƙara tsaurara na ukun a 1974. Babban abin da ya dame shi shi ne kada rumbu ya ƙaryata kansa. Matakan ma ba su da wuya. Na farko: gurbi ɗaya, magana ɗaya. Na biyu: in lambar rasit da lambar kaya ne suka haɗu suka zama mabuɗin layi, to sunan kayan ba ya zama a nan, domin lambar kaya kaɗai yake bi. Na uku: wayar dila tana bin dila ne, ba ta bin atamfar da ya kawo, don haka ta koma jadawalin diloli. Ko da ma'ajiya ta zama kyauta, magana ɗaya da aka rubuta a wuri arba'in tana da hanya arba'in ta lalacewa.

Hujja ta uku: wai haɗa jadawali da jadawali yana rage gudun manhaja.

Amsa: a yi lissafi. Shagon da ke yanka rasit 500 kowace rana, cikin kwana 300 zai tara 150,000. Ga PostgreSQL ko MySQL, ko ma SQLite da ke cikin kowace wayar Android, wannan ba kaya ba ne. In an sa fihirisa a kan mabuɗai, rumbun yana gano layi ɗaya cikin miliyan ta hanyar buɗe shafuka uku ko huɗu kawai. Inda na ga manhaja tana jan ƙafa, yawanci ɗayan uku ne: an manta fihirisa, ko an rubuta manhajar tana tambayar rumbu sau ɗari a inda tambaya ɗaya ta isa, ko kuwa intanet ɗin ne ba ƙarfi. Jadawali mai faɗi ma yana da nasa nauyin, tunda kowace tambaya sai ta jawo bayanan da ba a nema ba.

Hujja ta huɗu, kuma ita ce mafi ƙarfi: wai in farashi yana zaune a jadawalin kaya kaɗai, ran da aka ƙara kuɗi sai tsofaffin rasit su sauya, lissafi ya rikice.

Amsa: matsalar gaskiya ce, musamman ga wanda ya ga abin da ya biyo bayan sakin naira a watan Yunin 2023, lokacin da farashin kayan waje ya riƙa sauyawa cikin mako guda, ko ƙarin harajin kayayyaki daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Amma laifin na mai zanen ne, ba na ƙa'idar ba. Farashin turmi a yau magana ɗaya ce. Kuɗin da aka sallama wannan turmi ga wannan mutum a wannan rana, bayan an yi tayi an rage, wata magana ce daban. Ta farko tana jadawalin kaya, ta biyu tana layin rasit, kuma ba a taɓa ta har abada. Ajiye su biyun ba maimaici ba ne. Shi ne ainihin abin da mataki na biyu ya hukunta. Wanda ya haɗe su bai tsefe ba, ya yanke ne.

Hujja ta biyar: wai manyan kamfanoni sun koma irin su MongoDB, kuma ɗan kasuwa ba zai gane jadawali biyar ba.

Amsa: Facebook har yau yana ajiye ginshiƙin bayanansa a kan MySQL. MongoDB kanta, da ta fito a 2009, sai da ta ƙara a 2018 damar ɗaure rubutu a wurare da yawa ya tafi tare ko ya fasa tare, abin da rumbunan jadawali suka daɗe suna yi. Kamfanin da ke hidimar mutane biliyoyi yana iya maimaita bayani da gangan, domin yana da ma'aikatan da ke gadin wannan maimaicin dare da rana. Shagon Kwari ba shi da su. Maganar ɗan kasuwa kuwa, ai shi allon shigar da ciniki yake gani, ba jadawali ba. Kuma iyayenmu a Kwari sun riga mu wannan hikima: littafin bashi daban, kowane mai bashi da shafinsa, littafin sito daban, rasit da lambarsa a jere. Manhajar da ta kasa wannan ta koma bayan takarda.

A dubi masu sayar da magani, waɗanda aka umarta a 2024 su bar Sabon Gari su koma cibiyar sari ta Dangwauro. Magani ɗaya yana zuwa da rukuni daban-daban, kowane da lambarsa da ranar lalacewarsa. In hukumar NAFDAC ta ce a janye rukuni kaza, tambayar ita ce: kwali nawa ya rage, kuma su wa aka sayar wa? Wanda ya cusa lambobin rukuni biyar cikin gurbi ɗaya, yana raba su da waƙafi, sai ya bi layi-layi da ido. Wanda ya ware jadawalin rukuni zai samu amsa da tambaya ɗaya. A nan ba kuɗi kaɗai ke cikin haɗari ba, har da rai.

Don adalci, akwai inda ƴan'uwana suke da gaskiya. Shago ba ya buƙatar a kai shi mataki na huɗu da na biyar da Ronald Fagin ya bayyana a 1977 da 1979 sai in akwai dalili. Kuma halas ne a yi jadawalin taƙaitawa mai faɗi domin rahoton wata, da sharaɗin daga tsefaffen asali ake zuba shi, kuma ana iya rushe shi a sake ginawa ko yaushe.

Hukuncina ke nan: a fara da jadawali biyar, na abokan ciniki, na kaya, na rasit, na layukan rasit, da na biyan kuɗi, bashi kuwa a lissafo shi daga rasit da biya, kada a rubuta shi da hannu. A kai su mataki na uku, a sa fihirisa, a auna gudu kafin a yi ƙorafi. Kai kuma Alhaji mai shago, kafin ka biya kuɗin manhaja, ka ce a sauya lambar wayar abokin ciniki ɗaya a gabanka. In sai an gyara wuri fiye da ɗaya, kada ka karɓa.