Wasiƙa zuwa ga masu sana'ar sayar da tabarau



'Yan uwa, idan ganin mutum ya fara raguwa, teburinku yakan fara nufa tun kafin ya tuna da asibiti. Ku miƙa masa jarida, ya gwada wannan gilashi ya ajiye, ya ɗauki wancan, har ya samu wanda ya zauna masa. Roƙona shi ne ku ƙara tambaya ɗaya kafin a yi ciniki: "Baba, kana da ciwon sukari?"

Ga dalili. Idan sukari ya hau a jini, madubin da ke cikin ƙwayar ido yakan kumbura, sai lambar gilashin mutum ta canza. Wanda ya yi masa daidai yau, gobe ya dawo muku da shi yana ƙorafi. Mai irin wannan, ku ce ya dakata 'yan makonni har sukarinsa ya daidaita.

Babbar ɓarnar kuwa tana can bayan ido, a tantanin da ke ɗaukar hoto. Sukari yakan raunana ƙananan jijiyoyin jinin wurin, su riƙa yoyo ko su fashe. Babu zafi, babu ja, mutum yana ta harkarsa shekara da shekaru. Wannan babu gilashin da zai gyara shi. Kuma mai sukari ya fi saurin kamuwa da yanar ido da hawan jinin ido.

Don haka ku kasa kunne ga abin da mai saye yake faɗa. Idan ya ce yana ganin baƙaƙen abubuwa suna shawagi kamar ƙudaje, ko layin rubutu yana karkacewa, ko ido ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ku ciro masa lamba ta gaba. Ku tura shi asibiti a ranar.

Mai ciwon sukari kuwa, ko da ba ya jin komai, ku tuna masa a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara, bayan an ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. Idan an gano da wuri, hasken lesa ko allurar ido kan tsayar da ɓarnar. Abin da ya riga ya mutu kuwa da wuya ya dawo.

Na san cinikin ranar zai iya kuɓuce muku. Amma wanda aka ceto ganinsa zai ci gaba da buƙatar gilashin karatu, kuma ba zai manta wanda ya faɗa masa gaskiya ba.

Allah Ya yi wa sana'a albarka.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiyar ido