Tsohon tari: ba nan take ba, an danne bodari a ka

A Tagriss, kamar sauran ƙauyukan Dakoro, mutum kan yi wata biyu yana tari, a ce ƙurar hunturu ce. Ranar kasuwa ya sayi kwalbar siro hannun ɗan talla, ya sha, tari ya lafa, dare ya yi ya dawo. An danne bodari a ka.

Masana kiwon lafiya na kiran tari tsoho idan ya wuce mako 8 ga baligi. Ɗaya daga cikin manyan dalilansa shi ne ƙwannafi. Ruwan tsami na ciki kan hau maƙoshi, musamman in an kwanta da cikakken ciki, ya ƙona hanya, ya tayar da tari. Ɗan kasuwar da ya wuni da goro da shayi mai ɗaci, da ma'aikacin da ke cin tuwo da yaji ya kwanta nan take, su san wannan.

Maganin farko ba ya cin ko dala: a bar awa 3 tsakanin jibi da kwanciya, a ɗaga kan gado, a bar taba, mai ƙiba ya rage. In hakan bai wadatar ba, likita kan rubuta Omeprazole na wasu makonni. Amma bincike ya nuna cewa ƙwayar ta fi amfanar mai jin ƙwannafi a zahiri. Wanda ba ya jin sa, da wuya ta kashe masa tari.

Kada kuma ƙwannafi ya zama mafakar sakaci. Tarin da ya wuce mako 2, balle da rama, zufan dare ko jini, a fara auna majina, domin tarin fuka na warkewa, maganinsa kuma kyauta ne.

Ba mu manta da 1995 ba, shekarar da aka yi wa dubban ƴan Nijar allurar sanƙarau ta jabu. A 2018 Nijeriya ta haramta siro mai kodin. Don haka, ƴan kasuwa, ku ji tsoron Allah, magani ba sabulu ba ne. Hukumomin lafiya na Maradi kuwa, ku kusanto da awon majina ga talakan karkara, ku ba majo lokacin tambayar mara lafiya abin da ya ci da sa'ar da ya kwanta. Sanin cuta shi ne rabin magani.