Man jirgi daga tuƙar rake: a sa ido kan farashin sukari

Tuƙar rake da muke zubarwa a bakin kasuwa, a Barazil dukiya ce. Masana'antun sukari na can suna ƙona ta su samu wutar lantarki, wasu kuma suna tatsar itanol daga cikinta. Yanzu ana sarrafa itanol ya koma man jirgin sama. A shekarar 2024 kamfanin LanzaJet ya buɗe irin wannan masana'anta a jihar Jojiya ta Amurka. Tarayyar Turai kuma ta wajabta kashi 2 cikin ɗari na man jirage ya zama mai sauƙin hayaƙi daga 2025, ya kai kashi 6 a 2030.

Me ya shafi ɗan kasuwar Maraɗi, Ƙonni ko Jibiya? Yawancin sukarin da ake tacewa a Legas, ɗanyensa daga Barazil yake zuwa. Masana'antun can kuwa duba riba suke yi: in itanol ya fi tsada, sai su karkatar da ruwan rake can, sukari ya ragu, buhu ya tashi a hannunmu.

Muna maraba da man da aka yi da tuƙa da sauran shara, domin bai taɓa abincin kowa ba. Amma in aka koma kan ruwan raken kansa, mai shayi da uwargida ne za su biya.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa bin labarin damunar rake ta Barazil kafin su ɗauki kaya bashi, gwamnatocinmu kuma su tallafa wa manoman rake na fadamunmu.