Kare Kai Daban, Ɗaukar Fansa Daban

Duk wanda ya zauna a fadojin shan shayi na birnin Yamai, ko a rumfunan Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, ya san maganar da ke fitowa da zarar an ambaci ɓarayi. Wani ya ce wanda aka kama a gama da shi nan take, wani ya ce kai shi wurin ƴan sanda ɓata lokaci ne, gobe za ka gan shi yana yawo. Ma'aikacin da ya tara albashin shekara ya sayi babur, da ɗan kasuwar da aka fasa wa shago, suna da hujjar yin fushi. Amma mu a wannan jarida muna ganin wajibi ne a faɗa wa jama'a inda doka ta ja layi, domin wanda bai san layin ba yana iya kwana mai gaskiya, ya tashi a gidan kaso.

Kundin hukunta laifuffuka da Nijar ta kafa a 1961, aka yi masa gyara a 2003, bai hana kowa kare kansa ba. Ya ce babu laifi a kan mutumin da larura ta tilasta masa, a daidai lokacin da ake kai harin, ya kare ransa ko ran wani. Ya kuma ambaci hali biyu a fili: mai gidan da ya tunkari wanda ke haura katanga ko fasa ƙofar gidan da mutane ke ciki da dare, da mutumin da ya kare kansa daga masu sata ko ganima da ƙarfin tsiya. Abin lura shi ne lokacin. Ɓarawon da ya jefar da kaya ya ruga, ko wanda aka riga aka ɗaure, ba ya barazana ga ran kowa. Wanda ya kashe shi a wannan hali, kisan kai ya yi, kuma yawan hannayen da suka yi dukan ba ya wanke ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya faru a makwabciyarmu Najeriya ya isa darasi. A 2015, a jihar Adamawa, wani makiyayi ya kai wa manomi Sunday Jackson hari da wuƙa a gonarsa. Manomin ya ƙwace wuƙar, ya soke shi, ya mutu. A 2021 babbar kotun Yola ta yanke masa hukuncin kisa, bisa hujjar cewa da ya ƙwace makamin yana da damar gudu. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, ko da yake alƙaliya guda ta saɓa wa sauran. Sai a ƙarshen shekarar gwamnan jihar, Ahmadu Fintiri, ya yi masa afuwa, bayan ya shafe shekara 10 a tsare. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi tsanani, mu ma haka muka gani, domin mai jini a jiki ba ya auna motsinsa kamar mai zaune a ofis. Duk da haka, in mutumin da aka kai wa hari har gonarsa ya sha wannan wuya, ina ga wanda ya bi ɓarawo da gora har ƙarshen layi?

Mu ƴan Nijar kuwa ba sai an ba mu labari ba. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar Babban Taron Ƙasa, rikicin manoma da makiyaya a Toda ta jihar Maraɗi ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Babu jaririn da ya kai wa kowa hari. Ɗaukar fansa ce tsagwaronta, kuma haka take ƙarewa duk lokacin da aka ɗora laifin mutum ɗaya a kan danginsa ko ƙabilarsa.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jama'a ba sa ɗaukar doka a hannunsu sai inda hukuma ta bar gurbi. A ranar 2 ga Nuwamba 2021, mutum 69 na ƙungiyar sa-kai ta Banibangu, tare da magajin garinsu, suka halaka a kwanton ɓaunar da ƴan ta'adda suka yi musu. Talakawa ne da suka gaji da binne ƴan uwansu, suka fita yin aikin da na soja ne. Wanda ya hana ɗan ƙasa rama wa kansa, dole ya ɗauki nauyin tsare shi.

Saboda haka muke kira ga ma'aikatar shari'a da ta fassara waɗannan ayoyin doka cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunan ƙasa, a riƙa karanta su a gidajen rediyo. A gaggauta shari'ar wanda ya ce kare kansa ya yi, kada ya shekara a tsare kafin alƙali ya saurare shi. Wanda aka fasa wa shago kuma a sanar da shi inda ƙararsa ta kwana, domin shirun hukuma ne ke haifar da zargin an saki ɓarawo. Shugabannin kasuwanni su ma su ja kunnen masu gadinsu: a kama, a riƙe, a kira ƴan sanda ko jandarmomi.

Ɗan kasuwar da ke goyon bayan a kashe kowa da ihun "ɓarawo" ya tuna cewa shi ma matafiyi ne. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, gungun mutane suka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyar komawa Kano yin salla, bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. Ba a tsaya an tambaye su ba. Dokar da ake raina wa a Yamai, irinta ce fatakenmu ke fata ta tsare su a Kwatano da Lome da Legas.