Siyasar ɗan gida da ƙuri'ar mata

A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 1993, ƙuri'a ta bi asalin ɗan takara. Damagaram ta mara wa Mahaman Usman na CDS-Rahama baya, Tawa ta bi Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya, Doso ta riƙe Mumuni Adamu Jarmakoye na ANDP-Zaman Lahiya. Abin yana da tushe: tun da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, gabas ke kukan an maishe ta saniyar ware.

Sai dai wannan kuka a bakin maza ya fi ƙarfi. Namiji a garinsu yake gadon gona, can yake neman sarauta, kuma ɗan gida yake sa ran zai ba shi muƙami ko kwangila. Mace kuwa aure kan ɗauke ta daga garin ubanta zuwa garin mijinta, ta haifi ƴaƴan da ke da kawunnai a wata jiha. Wadda ke da gida biyu da wuya a sa ta ƙi ɗaya. Nisan rijiya, tsadar hatsi da wahalar haihuwa ba su tambayar asali.

Gaskiya ne mata sun ɗaura atamfar jam'iyya, sun yi guɗa ga ɗan gida, sau da yawa bisa umurnin maigida. Amma ranar da suka tashi don kansu, ba da sunan jiha suka tashi ba. Ran 13 ga Mayu 1991 suka yi jerin gwano a Yamai, domin mace guda tak aka sa cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Tilas aka ƙara musu kujeru. Dokar kaso ta 2000 ta ba su aƙalla 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe, aka kai shi 25 a 2019. Majalisar 1999 mace ɗaya gare ta. Ta 2004 ta sami 14.

Bayan juyin mulkin 2023, an rusa jam'iyyu a 2025. Duk ranar da akwatin zaɓe ya dawo, mai son siyasar da ta wuce ta ɗan gida sai ya fara da sauraron mata, domin su suka riga maza ƙetare iyakar jiha.