Wa Ya Ɗaure Majinyacin a Jikin Gado?

Idan aka ga majinyaci ɗaure da bandeji a jikin gadon asibiti, nas ake fara zagi. Ba na wanke ɗaurin. Cin mutunci ne, kuma yakan raunata. Sai dai masu zagin ba su tambaya: da me aka bar ta ta yi aiki?

Hukumomin asibitocinmu suna tafiyar da lamura kamar taɓin hankali ya san hanyar Dawanau, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, can kawai yake zuwa. Alhali ta ƙofar babban asibiti yake shigowa kullum. Ga mai jego da ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Ga saurayin da ya sha fiya-fiya, an ceto ransa, an kwantar da shi kusa da taga. Ga dattijon da zazzaɓi ko faɗuwar sukari suka gusar wa da hankali, yana fizge robar ƙarin ruwa. Shi wannan na ƙarshen ma ciwonsa a jiki yake, magani zai dawo da shi hayyacinsa, amma da zarar dangi sun ce iska ce, sai a tafi neman mai ruƙiyya, ba wanda ya auna sukarin.

Duk waɗannan a wuyan nas mai aikin dare suke, ita da ɗaki cike da gadaje. Abin da ta sani game da lalurar ƙwaƙwalwa ɗan zaman makonni ne da ta yi tana ɗaliba. Ba keɓaɓɓen ɗaki, ba likitan ƙwaƙwalwa da za ta kira, domin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. In an mare ta, a ce ta yi haƙuri. In majinyaci ya fice ya faɗa titi, takardar tuhuma ce ke jiran ta da safe. Wanda aka ba bandeji da allurar barci kaɗai, su zai yi amfani da su.

Doka kuma ta ƙara mata kaya. Sashe na 231 na kundin Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, don haka dangi ke ɓoye gaskiya, su ce kuskure ne, a sallami yaro ba wanda ya zauna da shi ya ji damuwarsa.

A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Amma doka ba ta yin aikin dare. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, na horar da ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Shugaban asibitin da ya iya samo kuɗin sabuwar ƙofa da fenti, ya gaya mana nas nawa ya tura wannan horon bana.