Nakiya Ba Ta San Tarihi Ba

Jama'a, a Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, akwai waɗansu duwatsu da a ke kira Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A jikin kogunansu mutanen dā sun zana siffofin shanu da jan ƙasa, shanu marasa tozo, waɗanda ba irinsu Filani ke kiwo yau ba. A shekarun 1950 ne masu binciken kayan tarihi, irin su Bernard Fagg, suka bayyana wa duniya labarinsu, daga baya Gwamnati ta sa su cikin kayan tarihi na ƙasa. Waɗannan zane sun jure wa rana da ruwa da hunturu shekaru aru-aru. Amma da za a ba wani ɗan kwangila lasin ya kafa wurin fasa dutse a gindinsu, da ƙyar su ga damina biyar.

Kada wani ya ce ai ba dutsen zanen za a fasa ba, na kusa da shi ne. Wannan magana ta wanda bai san aikin nakiya ba ce. In an huda dutse an ɗura nakiya an tashe ta, ƙarfinta ba ya tsayawa a bakin ramin. Girgiza ta kan bi ta ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda in ka jefa dutse a tafki igiyar ruwa ke tafiya har gaɓa. Duk inda ta tarad da tsaga sai ta ƙara buɗa ta, yau kaɗan gobe kaɗan, har ran da ɓawon dutsen da ke ɗauke da zanen zai ɓamɓare ya faɗi. Ga kuma ƙurar injin niƙa tsakuwa, wadda ke like wa a jikin zane. Ganuwa da tsofaffin masallatai na ƙasa kuwa ba a ma maganarsu, don ginin tubali ya fi dutse saurin darewa.

Masu wannan sana'a su kan ce, to da me za a yi kwalta da gadoji da asibitoci? Su kan ce samari na samun abinci a wurin. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a daina fasa dutse ba. Amma Allah ya hore wa ƙasar nan duwatsu ba iyaka, daga Zamfara har Bauci. Tsakuwar wancan dutse da ba kowa a kusa da shi daidai ta ke da ta wannan. Abin da ya sa ɗan kwangila ke son na kusa da gari shi ne ya rage kuɗin man mota, ba wani abu ba. Watau don ya tsimi kuɗin jigila za a sayad da abin da ba a iya sāke yi. Dutsen Dala guda ɗaya ne a Kano, Kufena guda ɗaya ne a Zariya.

Doka kuwa akwai ta. A 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta keɓe wuraren da ke hannun wannan hukuma daga haƙa. A 2013 kuma aka fito da ƙa'idodin fasa dutse, waɗanda suka hana a tashi nakiya cikin kilomita 3 daga inda mutane ke zaune. Duk wanda ya taɓa bi ta Mpape a Abuja ya san yadda a ke bin wannan ƙa'ida. Sai da ƙasa ta yi girgiza a can cikin Satumba 2018 kana hukuma ta dakatad da aikin.

Takardar izini ma kaɗai ba ta isa ba. A ƙasar Ostareliya, cikin watan Mayu 2020, kamfanin Rio Tinto ya tashi kogunan Juukan da nakiya don haƙar tama, alhali an tabbata mutane sun zauna cikinsu tun shekara 46,000 da suka wuce. Da izinin hukuma a hannunsa ya yi. Duniya ta yi ca, shugaban kamfanin ya bar kujerarsa, amma kogunan sun riga sun zama ɓaraguzai.

Saboda haka abin da mu ke nema shi ne kada a ba da lasin fasa dutse a ko'ina sai ma'aikatan tarihi sun taka wurin da ƙafarsu, sun shata iyakar da nakiya ba za ta ƙetare ba. Akwai na'urar auna girgiza, ba ta kuwa kai kuɗin babbar mota guda ba. A dasa ta a gindin kowane wurin tarihi da ke maƙwabtaka da masu fasa dutse, kamfani ya biya, amma ma'aikacin Gwamnati ya riƙa karantawa. Wanda ya wuce iyaka a karɓe lasinsa, domin tarar da ba ta kai ribar mako guda ba kuɗin shiga ce kawai.

Ku kuma da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, yanzu alƙalami na hannunku. Kun fi kowa sanin inda zane da kufai da tsofaffin maƙera su ke a dajin garinku, da yawansu ba su cikin littafin Gwamnati, abin da ba a rubuta ba kuwa doka ba ta ganinsa. Ku rubuta sunan wurin da inda ya ke, ku kai wa dagaci da hakimi su sa hannu, a aika wa gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano, tun ba a sauke injin huda dutse ba.